Hutun Turawa: Inda Suke Zuwa da Yadda Abin Yake Canzawa

 

Saura makonni kaɗan mu tafi dogon hutu. Da muka zagaya ajujuwa muna tambayar inda kowa zai yi nasa hutun, amsoshin kusan iri ɗaya ne. Wasu ƙauye za su tafi wajen kakanni su taya noma, wasu shagon ɗinki ko garejin yayyensu, wasu kuma lesin da Islamiyya. Sai wani ɗan aji ɗaya ya tambaye mu, "To su Turawa fa, ina suke zuwa idan sun sami hutu?" Aka yi masa dariya, amma a cikin masu dariyar babu wanda ya iya ba shi amsa. Shi ya sa muka aro taswirar Turai daga ofishin malaminmu na labarin ƙasa, muka yi mako biyu muna karatu muna yi masa tambayoyi.

Babban abin da muka gano shi ne, baƙi sun yi wa wasu garuruwan Turai yawa har masu gida sun fara kuka. Wannan kukan da kuma zafin rana da yake ƙaruwa su ne suke canza yadda ake tafiya hutu a can. Ku karanta a tsanake, akwai tambayoyi a ƙarshe.

Mene ne yawon buɗe ido?

Yawon buɗe ido shi ne mutum ya bar garinsu na ɗan lokaci ya je wani wuri don ya huta, ya ga abin da bai saba gani ba, sannan ya koma gida. Wanda ya tafi neman aiki ko ya ƙaura gaba ɗaya ba ya cikin wannan lissafin.

Turai ƙaramar nahiya ce. Afirka ta ninka ta kusan sau uku a faɗin ƙasa. Duk da haka, fiye da rabin masu tsallaka iyaka don yawon buɗe ido a duniya ƙasashen Turai suke sauka, kuma yawancinsu Turawa ne da suke ziyartar maƙwabtansu. A shekarar 2023 Faransa ta karɓi baƙi kusan miliyan 100, alhali mutanen ƙasar ba su kai miliyan 70 ba. Sifaniya ta karɓi kusan miliyan 85 a wannan shekarar, a 2024 kuma adadin ya kai kusan miliyan 94, wato kusan ninki biyu na 'yan ƙasar.

Lokacin da aka fi tafiya shi ne bazararsu, daga Yuni zuwa Agusta, daidai lokacin da mu muke tsakiyar damina.

Yadda hutu ya zama haƙƙin talaka

A da, tafiya don nishaɗi ta masu hannu da shuni ce kawai. A ƙarni na 17 da na 18 'ya'yan attajiran Ingila sukan yi watanni, wani lokaci shekaru, suna zagaya Faransa da Italiya a keken doki don su koyi harsuna su ga tsofaffin gine-gine. Manomi da ma'aikacin masana'anta ba su da kuɗin haka, ba su da lokacinsa.

Jirgin ƙasa ne ya fara canza lamarin. A shekarar 1841 wani Bature mai suna Thomas Cook ya yi hayar jirgin ƙasa ya kwashi mutane kusan 500 daga garin Leicester zuwa Loughborough a Ingila, don halartar taron masu yaƙi da shan giya. Kowa sule ɗaya ya biya, zuwa da dawowa. Da ya ga abin ya karɓu sai ya mayar da shi sana'a: shi zai shirya tikiti da masauki, matafiyi ya biya kuɗi a dunƙule. Irin wannan tsarin ne kamfanonin tafiye-tafiye suke bi har yau, kamar yadda kamfanonin jirgin yawo suke haɗa wa maniyyata Umara tikiti da biza da masauki.

Mataki na biyu shi ne doka. A 1936 gwamnatin Faransa ta kafa dokar da ta ba ma'aikata hutun mako biyu a shekara tare da cikakken albashi. A wannan bazarar ma'aikata da yawa suka ga teku da idonsu a karo na farko. An yi ta ƙara hutun har ya kai mako biyar a 1982. A yau dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya ba su hutun mako huɗu aƙalla a shekara, da albashinsu.

Shi ya sa watan Agusta ya zama kamar lokacin Sallah a wasu ƙasashen. A Italiya ranar 15 ga Agusta, wadda suke kira Ferragosto, shaguna da ofisoshi da yawa a kulle suke, mutane sun tafi bakin teku. Jamus kuwa dabara ta yi: jihohinta 16 ba sa rufe makarantu rana ɗaya, ana raba musu ranakun fara hutu don kada kowa ya fito kan titi lokaci guda.

Abubuwa uku da suka sauƙaƙa tafiya

Na farko shi ne buɗe iyakoki. A 1985 ƙasashe biyar, wato Faransa da Jamus ta Yamma da Beljiyam da Holan da Luksambag, suka sa hannu a wata yarjejeniya kusa da wani ƙauye mai suna Shengen. Ta fara aiki a 1995. A shekarar 2025 ƙasashe 29 ne a cikinta. Mutum zai iya tuƙa mota daga Fotugal ya ratsa Sifaniya da Faransa har Jamus, yawanci ba tare da an tsayar da shi an duba fasfo ba. A lura, Birtaniya ba ta ciki, amma Siwizalan da Norwe suna ciki duk da cewa ba 'yan Tarayyar Turai ba ne.

Na biyu shi ne kuɗin bai ɗaya. Takardun yuro sun fara yawo a hannun jama'a a 2002, kuma a 2023 Kuroshiya ta zama ƙasa ta 20 da take amfani da su. Matafiyi ya huta da neman 'yan canji a kowace iyaka.

Na uku shi ne jiragen sama masu araha. A shekarun 1990 aka sassauta dokokin sufurin sama a Turai, sai kamfanoni irin su Ryanair da easyJet suka bunƙasa. Dabararsu ita ce su cika jirgi da kujeru, su sauka a ƙananan filayen jirgi masu sauƙin haraji, su daina ba da abinci kyauta, su caji kuɗin jaka daban. Da haka tikiti ya yi arha har ɗalibi ma yana iya zuwa wata ƙasa ranar Juma'a ya dawo Lahadi. Daga baya intanet ta zo, kowa yana kama masauki da wayarsa.

Ina ake zuwa?

Bakin teku. Mutanen arewacin Turai suna shafe watanni cikin sanyi da hazo, rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma a hunturu. Abin da mu muke gudu mu shiga inuwa, shi suke biyan kuɗi su je su nema. Saboda haka idan bazara ta zo sai su gangara kudu zuwa gaɓar Tekun Bahar Rum: Sifaniya, kudancin Faransa, Italiya, Kuroshiya da tsibiran Girka.

Manyan birane. A Faris akwai Hasumiyar Eiffel da aka gama a 1889, mai tsawon mita 330, da gidan tarihi na Louvre wanda mutum kusan miliyan 9 suka shiga a 2023. A Rum akwai Kolosiyam, katafaren filin wasa da aka buɗe a shekara ta 80 Miladiyya, har yau kuma bangayensa suna tsaye. A Atens, babban birnin Girka, akwai tsaunin Akropolis da gine-ginen da suka haura shekara 2,400.

Tsaunuka. Tsaunukan Alps sun ratsa ƙasashe takwas, kuma mafi tsawo a cikinsu, Mont Blanc, ya ɗan haura mita 4,800. Da hunturu ana zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, da bazara kuma a hau dutse da ƙafa.

Kasuwannin hunturu. A watan Disamba garuruwa da yawa suna kafa rumfunan katako a dandali don kasuwar Kirsimeti. Ta birnin Dresden a Jamus ta faro tun 1434, ta Strasbourg a Faransa kuma tun 1570.

Andalus. Wannan ne ya fi jan hankalinmu, domin mun sha jin sunan a Islamiyya ba mu san a kudancin Sifaniya yake ba. Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar daga 711 zuwa 1492. A birnin Kurɗuba, wanda ake rubutawa Cordoba a taswira, akwai babban masallacin da aka fara ginawa wajen shekara ta 785, aka mayar da shi majami'a a 1236, kuma baƙi na kowane addini suna shiga su ga ɗaruruwan ginshiƙansa. Imam Ƙurɗubi mai tafsiri ɗan wannan birnin ne. A Garanada kuma akwai fadar Alhambra, sunan da ya fito daga kalmar Larabci mai nufin "ja". Saboda yawan masu son shiga, an ƙayyade tikitin kowace rana, kuma kowa da lokacin da aka rubuta masa. Garanada tana da alaƙa da Afirka ta Yamma: wani malami ɗan garin, Abu Ishaƙ al-Sahili, ya haɗu da Mansa Musa a aikin Hajji a 1324, ya biyo shi Mali, kuma ana danganta ginin masallacin Jingareber na Tumbuktu da shi.

Zuma da zaƙi da harbi

Baƙi suna kawo kuɗi. Mai otal, direban tasi, mai gidan abinci, mai sayar da tsaraba da mai yi wa baƙi jagora duk da su suke ci. An ga gaskiyar haka a 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye, otal-otal suka rufe, mutane da yawa suka rasa aiki. To amma da aka buɗe hanya, baƙin sun dawo da yawan da ya fi ƙarfin wasu garuruwa.

Mu fara da Benis a Italiya, wanda ake rubutawa Venice. An gina shi a kan ƙananan tsibirai fiye da 100 da gadoji fiye da 400 suka haɗa. Babu mota a tsohon garin, sai kwale-kwale da tafiyar ƙafa. A 1951 mutum kusan 175,000 ne suke zaune a tsohon garin. A 2022 sun ragu zuwa ƙasa da 50,000, alhali miliyoyin baƙi suna shigowa kowace shekara. A 2021 gwamnati ta hana manya-manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa ratsa tsakiyar garin, domin igiyar ruwan da suke tayarwa tana cin gindin gine-gine. Daga 25 ga Afrilu 2024 kuma aka fara karɓar yuro 5 daga baƙon da zai shiga ya fita a rana ɗaya, a wasu ranaku masu cunkoso. Ku yi tunanin a ce sai mutum ya yanki tikiti kafin ya shiga garinku.

Me yake korar 'yan gari daga garinsu? Malaminmu ya yi mana bayani da lissafi, kuma alƙaluman nan misali ne kawai. A ce mai gida yana ba wani iyali hayar gida a kan yuro 900 a wata. Sai ya ga idan ya sa gidan a manhaja irin ta Airbnb, baƙo zai biya yuro 100 a kwana ɗaya. Ko kwana 20 kawai aka kama a wata, ya sami yuro 2,000. Sai ya sallami iyalin. Maƙwabcinsa ma ya yi haka. Gidajen haya su yi ƙaranci, kuɗin haya ya tashi, malamin makaranta da ma'aikaciyar asibiti su koma bayan gari. Mai sayar da kayan miya ya rufe, mai sayar da tsaraba ya buɗe a wurinsa. A ƙarshe makarantar unguwa ta rasa yara.

Wannan ne ya fusata mutanen Basalona, garin da yawancinmu muka sani ta ƙwallon ƙafa. A Yuli 2024 dubban mazauna birnin suka yi zanga-zanga, wasu har suna fesa wa baƙi ruwa da bindigar wasan yara. Kafin nan, a watan Yuni, magajin garin Jaume Collboni ya sanar cewa zuwa ƙarshen 2028 za a soke lasisin gidaje kusan 10,000 da ake ba baƙi haya ta kwanaki, don su koma hannun 'yan gari. An yi irin wannan zanga-zangar a tsibiran Kanari a Afrilun wannan shekarar.

Akwai kuma Hallstatt, wani ƙauye a bakin tafki a Ostiriya mai mutane ƙasa da 800. Hotunansa sun bazu a intanet, har an gina kwafinsa a ƙasar Sin. A ranar da aka cika, baƙi sukan kai 10,000. A 2023 hukumar ƙauyen ta kafa shingen katako a inda aka fi tsayawa ɗaukar hoto, ko da yake ta cire shi bayan 'yan kwanaki. A Atens ma, tun Satumba 2023 aka ƙayyade masu hawa Akropolis zuwa 20,000 a rana.

A muhawarar da muka yi a ƙungiya, wasu sun ce butulci ne ka kori wanda yake kawo maka kuɗi. Wasu suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun lura cewa mai karɓar kuɗin baƙo daban, wanda aka tasa daga gidan haya daban, shi ya sa ko 'yan gari ɗaya ba su da baki ɗaya a kan maganar.

Sabon salon tafiya

Gudun zafi. A ranar 11 ga Agusta 2021 zafi ya kai digiri 48.8 a ma'aunin Salshiyas a tsibirin Sisili na Italiya, mafi tsanani da aka tabbatar a tarihin Turai. Ko mu da muka saba da zafin Afrilu mun san wannan ba wasa ba ne, ga shi gidaje da yawa a Turai ba su da na'urar sanyaya ɗaki. A Yuli 2023 an riƙa rufe Akropolis da tsakar rana saboda zafi, kuma wutar daji ta sa an kwashe mutum kusan 20,000 a tsibirin Rodos na Girka, da yawansu baƙi ne. Saboda haka wasu iyalai sun juya akalarsu zuwa arewa: Norwe, Suwidin, Finlan da Sikotlan. A garin Tromso na Norwe rana ba ta faɗuwa daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli. Wasu kuma suna zuwa kudun, amma a Mayu ko Satumba ko Oktoba, lokacin da zafi ya sauka, cunkoso ya ragu, masauki ya yi sauƙi.

Komawa jirgin ƙasa. Jirgin sama yana fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya fiye da jirgin ƙasa nesa ba kusa ba. A Suwidin har kalma aka ƙirƙira, flygskam, wato jin kunyar hawa jirgin sama. A 2023 Faransa ta hana wasu jiragen sama na cikin gida a hanyoyin da jirgin ƙasa zai iya kai mutum cikin ƙasa da awa biyu da rabi. Jirginsu mai gudu, TGV, wanda ya fara aiki a 1981, yana kai mutum daga Faris zuwa Lyon cikin kamar awa biyu, kuma wannan tazarar ta ninka ta layin dogon Kaduna zuwa Abuja fiye da sau biyu. Jiragen dare masu gadon kwana, waɗanda suka kusa ɓacewa, sun farfaɗo tun da kamfanin jiragen ƙasa na Ostiriya ya ƙaddamar da Nightjet a 2016: ka kwanta a wata ƙasa ka farka a wata, ka kuma tsira da kuɗin otal. Luksambag ta mayar da motocin haya da jiragen ƙasa na gwamnati kyauta tun 2020. Tun 2018 kuma Tarayyar Turai tana raba wa matasa 'yan shekara 18 tikitin jirgin ƙasa kyauta ta hanyar gasa, don su zagaya su san maƙwabtansu.

Ƙafa da keke. Wasu sun zaɓi tafiya a hankali. Akwai tsohuwar hanyar ziyarar ibada ta Kiristoci zuwa birnin Santiyago a arewacin Sifaniya, wadda yanzu har waɗanda ba don ibada suka zo ba suna bi. Wanda ya taka aƙalla kilomita 100 na ƙarshe da ƙafa ana ba shi takardar shaida, kuma a 2024 kusan mutum rabin miliyan suka karɓa. Masu keke kuma suna bin gefen kogin Danube, wanda ya taɓa ƙasashe goma. Daga Passau a Jamus zuwa Biyana a Ostiriya kilomita 300 ne da 'yan kai, iyali da yara sukan yi shi cikin kamar mako guda.

Wuraren da ba a cika sani ba. Da tsada da cunkoso suka yi yawa a Italiya da Girka, sai ido ya koma kan maƙwabtansu. Albaniya, wadda ta yi shekaru da dama a rufe ƙarƙashin mulkin kwaminisanci, ta karɓi baƙi fiye da miliyan 10 a 2023, alhali mutanenta ba su kai miliyan 3 ba. A Bosniya ana zuwa ganin gadar Mostar da Daular Usmaniyya ta gina a 1566, aka rushe ta a yaƙin 1993, aka sake gina ta a 2004. Sai dai kuma duk inda aka ce babu cunkoso, da labari ya bazu cunkoson yakan biyo baya.

Tafiya da yatsa a kan taswira

Mun rataye taswirar a gefen wannan allo. Ku ɗora yatsa a kan Landan. Ku hau jirgin ƙasa na Eurostar ya bi da ku ta ramin da aka haƙa a ƙarƙashin teku, wanda aka buɗe a 1994, mai tsawon kilomita 50. Cikin awa biyu da 'yan mintoci kun isa Faris. Daga nan ku gangara kudu zuwa Basalona, tafiyar kamar awa bakwai. Ku juya yamma zuwa Madrid, kamar awa biyu da rabi zuwa uku. Sai Kurɗuba, kamar awa biyu, sannan Garanada. Kun taka ƙasa uku, ba ku hau jirgin sama ba, kuma sau ɗaya kawai aka duba muku fasfo a iyaka. Ku gano a ina ne, yana cikin tambayoyinmu.

Teku ɗaya, matafiya iri biyu

Wannan sauƙin da muka bayyana na masu fasfon Turai ne da waɗanda suka sami biza. Ɗan Nijeriya ko ɗan Nijar da yake son zuwa yawon buɗe ido sai ya nemi bizar Shengen. Zai nuna tikitin dawowa, da masauki, da inshorar lafiya, da takardar banki. Tun Yuni 2024 kuɗin neman bizar yuro 90 ne ga babba, kuma idan aka hana shi ba a mayar masa da kuɗinsa. Idan ya samu, kwana 90 ne iyakarsa a cikin kowane kwana 180, kuma wannan bizar ba ta ba shi izinin yin aiki ba.

Dole mu faɗi wannan, domin a cikinmu akwai masu yayye da suke zancen bi ta Agadas su ratsa sahara zuwa Libiya. Tekun Bahar Rum da Turawa suke wanka a bakinsa, shi ne dai tekun da ya ci dubban 'yan Afirka a cikin kwale-kwalen roba. Tsibirin Lampedusa na Italiya, wanda ya fi kusa da Tunisiya a kan Sisili, wurin hutu ne mai farin yashi, kuma nan ne ake sauke waɗanda aka ceto, da gawarwakin waɗanda ba a kai ga cetowa ba. Hoton da kuka gani a waya na wani yana tsaye a gaban Hasumiyar Eiffel bai nuna muku hanyar da ya bi ba, balle waɗanda suka tashi tare da shi ba su isa ba.

Abin da za mu ɗauka

Mu ma muna da abin da baƙi suke zuwa gani. Hukumar UNESCO ta sa bikin kamun kifi na Argungu a jerin al'adun duniya a 2016, ta sa Hawan Sallar Kano a Disamba 2024. Ga dajin Yankari da ruwan ɗumi na Wikki, ga karofin Ƙofar Mata. Idan Allah ya kawo ƙarin zaman lafiya baƙi za su ƙaru, kuma wasunmu ne za su zama masu yi musu jagora, masu otal, ko ma'aikatan hukumar da za ta tsara abin. Gara mu san abin da ya sami Benis da Basalona tun yanzu, don a tsara yadda maƙeri da marini da mai abinci na unguwa za su ci moriyar baƙi ba tare da an tashe su daga gidajensu ba.

Sannan kowannenmu baƙo ne a wannan hutun, ko da ƙauyen kakanni za shi. Baƙon kirki yana gaisuwa, yana neman izini kafin ya ɗauki hoton mutum, ba ya yar da leda a ƙofar gidan wani, ba ya raina abincin da aka ba shi. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Muna roƙon kowa ya tafi da ƙaramin littafi ya rubuto mana abu uku da ya gani a inda ya je, za mu liƙa mafi kyau a wannan allo idan an dawo.

Tambayoyi

1. A wace shekara Faransa ta fara ba ma'aikata hutu da albashi, kuma mako nawa ne?
2. Kawo ƙasashe biyu da suke cikin yarjejeniyar Shengen amma ba sa cikin Tarayyar Turai.
3. A tafiyarmu daga Landan zuwa Garanada, tsakanin waɗanne ƙasashe biyu aka duba fasfo, kuma me ya sa?
4. Mazauna tsohon garin Benis sun ragu daga kusan 175,000 zuwa kusan 50,000. Mutum nawa aka rasa?
5. Yi bayani da kalmominka yadda yawan baƙi yake sa kuɗin hayar gida ya tashi.
6. A ganinka, daidai ne gari ya karɓi kuɗin shiga daga baƙo? Kawo dalili biyu.

A rubuta amsa da suna da aji a jefa a akwatin ƙungiya da ke ƙofar ɗakin karatu kafin ranar Alhamis. Za a karanta sunayen waɗanda suka ci a taron safe na ranar Litinin. Muna godiya ga malaminmu na labarin ƙasa da ya ara mana taswira ya kuma duba mana wannan rubutu. Don Allah kada a yage taswirar, mayarwa za mu yi.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kai mu hutu lafiya, ya dawo da mu lafiya.

Daga wakilan Aji Biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida.